Lumbu-Lumbu Wutar Ƙaiƙayi: 'Yan Ɓad-da-Kama na Teburin Sinuka a Amurka

A shekarar 1985, a birnin Houston da ke jihar Texas ta Amurka, wani siririn baƙo ya sa hannu a takardar shiga gasar sinuka da aka shirya a gidan wasan Red's. Sunan da ya rubuta shi ne Cesar Morales. Babu wanda ya taɓa jin sunan, babu kuma wanda ya dube shi sau biyu. Da aka fara wasa sai ya shiga kayar da gwanayen Amurka ɗaya bayan ɗaya, har ya ɗauke kofin. Daga baya aka gane ashe sunan aro ne. Mutumin Efren Reyes ne, ɗan ƙasar Filifin, wanda tun yana yaro yake kwana a kan tebur a gidan wasan kawunsa a Manila, wanda kuma a gida sunansa ya riga ya kore masa abokan karawa.

Ɓoye sunan nan ya fi cin gasar ɗaure mini kai. Mu a nan mun saba da ɗan dambe ya shigo fili yana kirari, makaɗi na zuga shi, yana lissafa garuruwan da ya yi kisa. Suna shi ne jarinsa. To ga wata sana'a da suna ke zama asara a cikinta, gwani na gudun a san shi kamar yadda ɓarawo ke gudun farin wata. Shi ya sa duk lokacin da na ji masu sha'awar wasan suna gardamar wane ne gwarzo a tarihin 'yan ɓad-da-kama, wato masu ɓoye gwanintarsu don su ci kuɗin mutane a tebur, sai in ga da mudun da bai dace ba ake awon. Ana ƙirga kofuna, alhali mai wannan sana'a in ya ɗaga kofi a gaban jama'a, ya fasa tukunyar abincinsa ne.

Wasan da ake magana a kai shi ne wanda ake bugawa a ƙananan teburan nan masu rami shida da ke gefen titi a Kano da Kaduna da sauran garuruwanmu, wanda muke kira sinuka. Amurkawa pul suke ce masa. Ainihin sinuka ta Ingila ce, teburinta ya fi girma, ƙwallayenta 22. Amma tun da bakinmu ya saba, bari mu tafi a haka. Kuma in faɗa tun da wuri: abin da waɗannan mutane suka rayu a kai caca ce, an ƙara mata yaudara a sama, kuma matsayin caca a addini ba ɓoyayye ba ne. Sai dai wanda ya fahimci yadda tarkon yake, shi ne zai gane shi in an ɗana masa, don har yau ana ɗana irinsa, kayan aikin ne kawai suka canza.

Ka ɗauki wani ƙaramin gari mai masana'anta a Amurkar shekarun 1950. Juma'a ce da yamma, an biya ma'aikata kuɗin mako, gidan wasa ya cika da hayaƙin taba. Baƙo ya shigo da kayan aiki duk ɗigon fenti, yana ɗan layi kamar ya sha ya yi tatul. Ba ya shigowa da jakar sanda, don wannan kaɗai ya isa ya tona shi. Ya je bango ya zari sandar gidan, ko kuma ya riga ya jingine tasa a can, wadda aka ƙera ta musamman don ta yi kama da ta gida. Ya riƙe ta da ƙarfi kamar mai riƙe ƙotar fartanya, ya manta da goga alli a bakinta, ya buga da hayaniya. Aka ci shi dala 2, aka sake cin sa. Da zai biya sai ya zaro damin kuɗi daga aljihu, ya daɗe yana laluben ƙaramar takarda a ciki, yadda kowa zai gani. Daga nan aikinsa ya kusa ƙarewa. Gwanin unguwa ne da bakinsa zai ce a ƙara kuɗi, don a ganinsa banza ta faɗi.

Abin da ya biyo baya shi ne inda gwanintar take, kuma ita ce mutane ba su cika lura da ita ba. Baƙon ba zai miƙe ya share tebur ba. Zai ci ne da ƙyar, da ƙwallo ɗaya ko biyu, yana nuna kamar shi ma ya yi mamaki. Zai kuskure rami da gangan, amma ya bar farar ƙwallo a lungun da abokin wasa ba shi da bugu mai kyau. Zai saka ƙwallo ta hanyar da mai kallo zai rantse sa'a ce. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san kuskure da gangan ya fi bugun daidai wuya, domin abu biyu kake yi a lokaci guda: kana sarrafa ƙwallaye a kan tebur, kana kuma sarrafa abin da mutumin da ke gabanka yake zato game da kai. Muddin yana ganin saura ƙiris ya rama, ba zai tashi ba. Ranar da ya gane an fi shi nesa ba kusa ba, ya ajiye sanda, kasuwa ta watse.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Ned Polsky, wanda shi kansa ya yi shekaru yana zaman gidajen wasan, ya wallafa nazarinsa kan waɗannan mutane a 1967. Babbar ƙa'idar da ya tarar suna bi ita ce kada ka taɓa nuna iyakar ƙarfinka. Ka fito da daidai abin da zai ci wannan wasa, ka rufe sauran. Wanda ake farauta kuwa, a bakinsu sunansa kifi.

Amma cin kifin unguwa ƙaramin ciniki ne. Babban kuɗi yana tsakanin gwani da gwani, ko tsakanin gwani da attajiri mai son caca wanda ya san an fi shi. A nan babu fenti a riga, babu layin maye. Abin da ke akwai shi ne ciniki, irin na dillalan shanu a kara, wanda kan ɗauki sa'o'i kafin a taɓa ƙwallo. Dole a fahimci wasannin kafin a gane cinikin. A wasan ƙwallo tara, dole ka fara taɓa mafi ƙanƙantar lamba da ke kan tebur, wanda ya saka lamba 9 shi ya ci. To gwani zai ce wa na ƙasa da shi: na ba ka lamba 8, wato in ka saka 8 ko 9 ka ci, ni kuwa sai 9. In an matsa masa ya ƙara da 7. A wasan rami ɗaya, wanda shi ne wasan 'yan caca na asali, kowa na da rami guda tak a kusurwa, wanda ya fara zuba ƙwallo takwas a nasa ya ci. Rangwamen a nan lissafi ne: ni sai na saka tara, kai bakwai, ko ni goma, kai shida. Sai kuma a yi gardamar wa zai fasa jeri, a kan wane tebur, wasa nawa za a yi kafin mutum ya sami ikon tashi.

Kowane ɗayan waɗannan yana da farashi, kuma gwani ya san farashin fiye da abokin cinikinsa. Zai yi ta kuka, ya ce bayansa na ciwo, ya ce ya kwana biyu bai riƙe sanda ba, ya ce an zalunce shi, ya yi kamar zai fita. Duk don ya ba da gyaran da bai kai tazarar da ke tsakaninsu ba. In ya ba ka ƙwallo biyu alhali ya fi ka da uku, to an gama cin ka tun ba a fasa ba, sauran sa'o'in karɓar kuɗi ne kawai. Saboda haka ake samun mutumin da a gasa ba zai kai ko zagaye na uku ba, amma ya fi zakaran gasar tara kuɗi, don ya fi shi sanin wasan da ya kamata ya karɓa da wanda ya kamata ya ƙi.

Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai mai zuba kuɗi, wanda suke kira doki: shi ke ɗaukar asara duka in an faɗi, in an ci kuma ya karɓi rabi ko fiye. Akwai ɗan rahoto a cikin gari, mai gaya masa wane ne mai kuɗi, wane ne mai zafin kai, wa ke biya in an ci shi, wa ke zaro wuƙa, shi ma da kasonsa. Sai kuɗin mai, da na masauki, da na abinci, waɗanda ke tafiya ko an yi wasa ko ba a yi ba. Sannan ga cin amanar da ta fi kowace muni a cikinsu: 'yan wasa biyu su haɗa baki, ɗaya ya faɗi da gangan, su raba kuɗin dokinsa a bayan gida. Sana'ar da aka gina a kan ƙarya ba ta tsayawa a kan baƙo, tana juyowa kan na gida.

Masu kare su kan ce ai kifin ma ba waliyyi ba ne, shi ma ya zauna ne da niyyar cinye wa mashayi kuɗinsa, kwaɗayinsa ne ya kai shi. Akwai gaskiya a ciki, irin gaskiyar da ke cikin maganar 'yan wala-wala na kasuwanninmu in sun ce ba su tilasta kowa ba. Amma ni ban yarda wannan ya wanke su ba. Sau da yawa kuɗin da ke kan tebur kuɗin haya ne da na cefane, kuma matar da ke jira a gida ba ta yi wa kowa kwaɗayi ba.

Me ya sa sana'ar ta yi ƙarfi a Amurka, a wancan zamani? A shekarun 1920 gidajen wasan nan dubbai ne a faɗin ƙasar, wasu a manyan birane irin su Detroit da tebur sama da 100. Polsky ya danganta wannan da yawan gwauraye da tuzurai, 'yan ci-rani da baƙi daga ƙasashen waje da ke zaune a ɗakunan haya, waɗanda gidan wasa ya zame musu majalisa. Da tattalin arziki ya karye a 1929, aiki ya yi wuya, samari da yawa masu hannu a wasan suka ga sanda ta fi neman aiki kawo abinci. Ga mota ta yi araha, ga tituna, ga ƙasa mai faɗin da labarin abin da ya faru a wannan gari ba ya riga ka isa gari na gaba. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin komai. Sana'ar tana rayuwa ne a cikin jinkirin labari.

Lokacin yaƙin duniya na biyu, birnin Norfolk na jihar Virginia ya zama matattara. Babban sansanin sojan ruwa ne, cike da matuƙa jirgi da ma'aikatan ƙera jiragen ruwa, ga albashi a hannu, ga rashin tabbas na gobe. A nan Luther Lassiter ya yi tashe. An haife shi a 1918 a Elizabeth City, wani ƙaramin gari a North Carolina da ba shi da nisa da Norfolk, kuma an fi saninsa da laƙabin Wimpy. Ana ƙiyasta cewa tsakanin 1942 da 1948 ya ci sama da dala 300,000 a caca, kuɗin da a wancan lokaci ya isa mutum ya ajiye aiki har ƙarshen rayuwarsa. Mutum ne mai shiru, mai yawan kukan ciwo, wanda kan zauna a kujera kamar barci ya ɗauke shi, sai in bugu ya zo kansa ya miƙe ya share tebur. Ma'aunin da aka san shi da shi mai sauƙi ne: yakan zauna ya kalli mutum yana wasa tsawon sa'a guda, in ya kuskure bugu fiye da ɗaya, to ya san zai iya cin sa. A wasan ƙwallo tara, har yau akwai masu cewa ba a yi kamarsa ba.

Abokin tafiyarsa na shekaru shi ne Don Willis, mutumin Canton a jihar Ohio, kuma a wurina shi ya fi kowa kusa da cikakken misalin sana'ar. Willis ba ya shiga gasa, ba ya son a ɗauke shi hoto. Wimpy da bakinsa ya ce da za a ɗora ransa a kan wasa guda, a ce ya zaɓi wanda zai buga masa, Willis zai zaɓa. Ka duba wannan shaida, daga bakin mutumin da ake kira gwanin gwanaye, a kan wanda ba shi da kofin duniya ko ɗaya. Willis ya gane abin da wasu suka gane a makare, cewa fuskar da ta fito a jarida ta gama cin abinci a hanya.

Akwai kuma irin su Alvin Thomas, wanda ake kira Titanic Thompson, da sinuka ba ita ce babbar gonarsa ba. Shi ɗan caca ne a kan komai: karta, ɗan lido, harbi, wasan golf. A golf yakan ci mutum da hannun dama da ƙyar, sannan ya ce a ninka kuɗi zai buga da hagu, alhali shi bahago ne tun asali. Na kawo shi ne don dabararsa ta fito da ƙashin bayan sana'ar tsirara. Abin da ake sayarwa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ka sani game da kanka da abin da wancan yake zato. Ƙwallo da sanda hanya ce kawai.

In an riƙe wannan, sai a fahimci Rudolf Wanderone, wanda ya fi su duka suna kuma ya fi su jawo gardama. An haife shi a New York a 1913, iyayensa baƙi daga Siwizalan. Ƙato ne mai ƙiba, mai bakin da ba ya rufuwa, kuma shekara da shekaru ana kiransa New York Fats. Ya iya wasa, musamman rami ɗaya da bugun bango, inda ƙwallo ke dukan bangon tebur ta dawo ta faɗa rami, amma waɗanda suka yi zamani da shi ba su sa shi a sahun Wimpy ba. A 1961 aka fito da fim ɗin The Hustler, wanda aka ɗauko daga littafin Walter Tevis na 1959. Paul Newman ya fito a matsayin matashin ɗan caca, Jackie Gleason kuma ya fito a matsayin wani gwani mai ƙiba da ake kira Minnesota Fats. Fim ɗin ya karɓu, gidajen wasa da suka yi shekaru suna rufewa suka fara farfaɗowa. Wanderone ya fito ya ce ai labarinsa ne aka sace, ya ɗauki sunan ya laƙaba wa kansa. Tevis ya musanta har ya bar duniya, ya ce shi ya ƙirƙiri mutumin daga kansa. Bai hana komai ba. Wanderone ya zama Minnesota Fats, ya sami shirin talabijin, ya sami kamfanin da ke biyansa don ya tallata tebura, ya zagaye ƙasa yana ba da labaran da ba a san inda gaskiya ta tsaya a cikinsu ba.

Mutane kan ce Fats maƙaryaci ne kawai. Ni ina ganin sana'ar ce dai, ya juya ta baibai. Sauran suna nuna ƙasa da abin da suke da shi don su ci mutum ɗaya a dare ɗaya. Shi ya nuna sama da abin da yake da shi, ya sayar wa ƙasa guda, tsawon shekara talatin. Bai taɓa cin wata babbar gasa ba, amma a 1984 hukumar wasan ta Amurka ta sa shi a zauren girmamawarta, saboda hidimar da ya yi wajen tallata wasan.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne Willie Mosconi. Shi ma 1913 aka haife shi, a Philadelphia, kuma shi ne kishiyar duk abin da na lissafa. Ya riƙe kambun duniya sau da yawa a shekarun 1940 da 1950, a wasan da kowace ƙwallo maki ɗaya ce, ana sake jera su ana ci gaba. A 1954, a Springfield ta jihar Ohio, ya saka ƙwallo 526 a jere ba tare da kuskure ba, kuma sai a 2019 aka wuce wannan adadi a hukumance. Yana sa kwat, yana ƙyamar a haɗa shi da 'yan caca, kuma shi ne ya koya wa Newman riƙe sanda don fim ɗin. Sai ga shi a ƙarshe Fats ne ya kwashe ribar fim ɗin, yana yawo yana cewa ya sha cin Mosconi. A ranar 14 ga Fabrairun 1978 tashar ABC ta haɗa su a otal ɗin Waldorf-Astoria da ke New York, mutum kusan miliyan 20 suna kallo. Mosconi ya ci, kuma ba da ƙyar ba. Fats ya yi ta zuba daga farko har ƙarshe, jama'a na dariya, kuma ya fita sunansa bai ragu da komai ba. Ina jin tausayin Mosconi a wannan dare. Ya zo ya tabbatar da abin da tebur zai iya tabbatarwa, ya kuma tabbatar, amma abokin karawarsa ba a kan tebur yake kasuwancinsa ba.

Tsakanin fim ɗin da wannan karawa ne aka yi abin da ya fito da 'yan ɓad-da-kama fili. A Johnston City, wani ƙaramin garin haƙar kwal a kudancin jihar Illinois, 'yan'uwa biyu, George da Paulie Jansco, suka shirya gasar rami ɗaya a 1961, da 'yan wasa 14. Wanderone yana zaune a Dowell, kusa da wurin, kuma bakinsa ya taimaka wajen jawo 'yan jarida. Cikin 'yan shekaru taron ya zama na makonni, duk kaka, ana zuwa daga ko'ina: Wimpy, da Eddie Taylor gwanin bugun bango, da Ronnie Allen, da Cornbread Red na Detroit, da Boston Shorty, da Jersey Red. Kyautar gasar ba wata mai yawa ba ce. Ainihin kuɗin yana ɗakin baya, bayan an tashi, inda ake kwana ana ciniki ana wasa. Wasu ma zuwa suke ba su shiga gasar, su zauna a kujera suna auna ƙarfin kowa.

Taron ya ba su abin da ba su taɓa samu ba, wato girma a idon jama'a, ya kuma karɓe musu abin da suke ci da shi. Da kyamarorin talabijin suka zo, duk wanda ya yi fice fuskarsa ta shiga kowane gida. Wimpy ya ci gasar sau da dama, ya zama zakaran duniya, amma daga nan wane gwanin unguwa ne zai yarda ya sa kuɗi da shi? A 1972 jami'an gwamnatin tarayya suka kai samame wurin saboda caca, kuma daga wannan shekara ba a sake yin taron ba.

Akwai ɓangaren da ake yawan tsallakewa in ana wannan tarihi. Baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe ba a gayyatarsu manyan gasanni. Cisero Murphy, mutumin Brooklyn, sai a 1965 aka bar shi ya shiga gasar duniya da aka yi a Burbank ta jihar California, kuma a wannan shigar ta farko ya cinye, a gasar da Wimpy kansa yake ciki. Kafin wannan, gwani baƙar fata ba shi da inda zai mai da gwanintarsa kuɗi sai teburin caca. Mutane irin su Bugs Rucker na Chicago, wanda manyan 'yan wasa suka san shi kuma suke shakkarsa a rami ɗaya da bugun bango, ba su bar tarin kofuna ba. A wurin wasunsu ɓoyuwar ba dabara ba ce kaɗai, ƙofa ce aka rufe musu, kuma duk jerin gwanaye da aka gina a kan kofuna zai ci gaba da zaluntarsu.

Zuwan Efren Reyes a 1985 yana cikin na ƙarshe-ƙarshe a irin wannan salo, kuma ya yiwu ne don ya fito daga wata nahiya, inda labari bai ƙetaro teku ba. Da asirinsa ya tonu sai ya rungumi sunansa. A 1996 ya ci Earl Strickland a Hong Kong da 120 da 117, a karawar da aka ɗora dala 100,000, a 1999 kuma ya ci kambun duniya na ƙwallo tara a Cardiff. Fim na biyu, The Color of Money, ya sake tayar da wasan a 1986, amma ƙasa ta riga ta fara zamewa a ƙarƙashin 'yan hanya. Gidajen caca na hukuma suka yaɗu a jihohi, masu son zubar da kuɗi suka koma can da teburin karta. Sai wayar hannu ta zo ta ƙarasa aikin. Yau baƙo ya shigo gidan wasa, kafin ya gama goga alli wani ya ɗauki hotonsa ya tura, amsa ta dawo da sunansa da garinsu. Akwai ma tsarin FargoRate da ke ba 'yan wasa maki gwargwadon sakamakonsu, kowa na iya dubawa a waya. Har yanzu ana cacar manyan kuɗi, musamman a taron Derby City Classic da aka fara a 1999 a Louisville don a gaji Johnston City, amma caca ce tsakanin mutanen da suka san juna, ana watsa ta kai tsaye a intanet. Cinikin rangwame yana nan. Rigar fenti ta tafi.

In aka matsa mini sai na zaɓa, zan raba amsar. A hannu, Wimpy a zamaninsa, Efren a bayansa. A baki, babu mai ja da Fats. A ainihin sana'ar kuwa zan tsaya a kan Willis, ina sane da cewa shi ma mun san shi ne don abokinsa ya yi suna ya ambace shi, kuma akwai waɗanda suka yi shekaru a hanya ba wanda ya ambace su.

Kuɗin ba su zauna a hannun mafi yawansu ba, don wanda ya ci a tebur yakan kai wa masu karta ko masu tseren dawaki. Titanic Thompson, wanda dubban daloli suka ratsa hannunsa, ya rasu a gidan kula da tsofaffi a Texas a 1974. Fats ya yi shekarunsa na ƙarshe a Nashville, ya daɗe yana zaune a otal ɗin Hermitage, yana buga wa masu neman sa hannunsa hatimin roba mai ɗauke da sunan da ya aro, har ya rasu a 1996. Wimpy kuwa gida ya koma, Elizabeth City, gidan da ya tashi a ciki. Bai taɓa aure ba. Dala 300,000 ɗin Norfolk sun daɗe da tafiya, wani attajiri abokinsa tun ƙuruciya ne ke aiko masa abin da yake ci. Yana da tebur a gidan, kullum yana buga wasa shi kaɗai, babu kifi, babu doki, babu ciniki. A watan Oktoban 1988 ɗan ɗan'uwansa ya shigo ya tarar da shi ya cika a gefen teburin, yana da shekara 69.